Littattafan zanen Assassin's Creed: kwafin gem ne ko labari ne mai zaman kansa?

Tambaya: "Na buga Assassin's Creed tun daga na biyu har zuwa Mirage. Kwanan nan na ga ashe akwai littattafan zanensa da yawa. Shin labarin gem ɗin ne aka kwafe a takarda, ko sabon abu ne? In sun cancanci karatu, da wanne zan fara? Kuma tarihin da ke cikinsu za a iya dogara da shi?"

Amsa:

Ɗan'uwa, mafi yawansu ba kwafi ba ne. In ma ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka lura cewa duk wanda ya fi nisanta kansa daga gem ɗin, shi ya fi daɗin karatu. Wanda zan ce ka fara da shi sunansa The Fall. Amma tunda tambaya uku ka ƙulle wuri ɗaya, bari in warware maka su a tsanake, don na daɗe ina bin waɗannan littattafai, kuma zane sana'ata ce.

Kafin nan ga wani ɗan gyara. Za ka ga wasu na kiran irin waɗannan littattafai "littattafan barkwanci". Sunan bai dace da su ba ko kaɗan, domin babu abin dariya a labarin mutumin da ke mafarkin abokinsa da aka rataye. Labari ne ake bayarwa da zane, akwati bayan akwati, shafi bayan shafi, shi ya sa ni littafin zane nake cewa.

Ka tuna abin da ya riƙe ka a Assassin's Creed II. Ba na jin makircin gidan Pazzi ne ya hana ka barci. Birnin Fulorans ne da kansa: ka kama bangon hasumiya, ka laluba inda za ka sa hannu, ka zame ka faɗo, ka sake hawa, har ka kai ƙololuwa, gaggafa ta yi kuka, gari ya shimfiɗu a ƙarƙashinka, sannan ka saki jiki ka faɗa cikin amalanken ciyawa. Da yatsunka ka yi wannan hawan. To ka miƙa wa mai zane wannan wurin ka gani. Akwati uku ya gama: ga Ezio, jarumin gem ɗin, a ƙasa, ga shi a tsakiya, ga shi a sama. Mai karatu ya wuce cikin ƙiftawar ido, bai ji komai a jikinsa ba. Abin da kamfanin Ubisoft ke zuba kuɗi da ma'aikata a kansa, wato gina birnin da za ka yi yawo a ciki, a takarda ba ya sayen komai.

Sai dai takarda tana da nata makamin. Jarumin gem dole ya yi nasara, saboda kai ne shi, kuma ba wanda zai sayi gem don a yi ta kayar da shi. In an kashe ka, na'urar Animus, wadda a labarin take sa mutum ya sake ganin rayuwar kakanninsa, ta ce ka kauce wa abin da kakanka ya yi, ta mayar da kai baya ka sake. Jarumin littafi kuwa ana iya lallasa shi ya koma gida da kunya, ya tsufa, ya gaji da tafiyar da ya ba wa rayuwarsa, har ya zama uban da ɗansa ke tsoro. Kuma mai zane na iya haɗiye shekara ashirin a ɗan farin layin nan da ke tsakanin akwati biyu. Waɗanda suka gane haka su ne suka yi aikin kirki, kuma na farkonsu su ne Cameron Stewart da Karl Kerschl.

Su biyun 'yan Kanada ne, su suka rubuta The Fall su suka zana. Fitowa uku ce kacal, daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011, ta hannun WildStorm, wani reshe na DC Comics. Sun ƙi taɓa Altaïr, jarumin gem na farko, sun ƙi taɓa Ezio. Suka tafi Rasha, inda gem bai taɓa leƙawa ba a lokacin, suka ƙirƙiro wani mutum mai suna Nikolai Orelov.

Ga abin da ya faru a zahiri. A watan Oktoba na 1888 jirgin ƙasa na Sarkin Rasha Alexander na III ya kauce daga layi kusa da Borki, a yankin Kharkiv da ke Yukiren a yau. Jirgin na da nauyi, injina biyu ke jan sa, kuma yana gudun da ya fi ƙarfin layin. Mutum sama da 20 suka mutu. Sarkin da iyalinsa suna taragon cin abinci, rufin ya rufto, kuma labari ya bazu a ƙasar cewa sarki, wanda dama ƙaton mutum ne mai ƙarfi, ya tallafe rufin da kafaɗunsa har 'ya'yansa suka fice. Ya rasu a 1894 da ciwon ƙoda, wanda da yawa suka alaƙanta da bugun da ya sha a wannan hatsari.

A littafin, an tura Orelov ya kashe sarkin a cikin jirgin. Ya ratsa masu gadi har taragon cin abinci, sai ya tarar da mata da yara, abin da bai yi zato ba. Sarki ya far masa, ana cikin kokawa jirgi ya kife. Sarkin ya ɗaga rufi kamar yadda tarihi ya faɗa, iyalinsa suka fita, sannan ya juyo kan Orelov ya yi masa dukan kawo wuƙa. Bai kashe shi ba, saboda 'ya'yansa na kallo. Fitowar farko ke nan: jarumi ya je aiki, ya kasa, ya tsira da rahamar wanda ya je kashewa. Ka taɓa buga gem ɗin da ya fara haka ya kuma bar ka a haka?

Dubi kuma dabarar. Ba su taɓa sakamakon tarihi ba. Jirgi ya faɗi a ranar da ya faɗi, sarki ya tsira, ya mutu a shekarar da ya mutu. Dalili kawai suka musanya. Haka suka yi da abokin Orelov da ke zuwa masa a mafarki, wanda ba kowa ba ne illa Alexander Ulyanov, yayan Lenin, wanda da gaske aka rataye a 1887 bisa shirya kashe wannan sarkin. Littafin ya ɗauke shi ya sa shi cikin ƙungiyar Assassins, wato ƙungiyar asirin da jaruman jerin ke ciki, ya bar ratayar yadda take.

Fitowa ta biyu ta tsallaka zuwa 1908. Ranar 30 ga Yuni na wannan shekara wani abu ya fashe a sararin Tunguska da ke Siberiya, ya kwantar da dajin da ya haura murabba'in kilomita 2,000. Masana sun tafi a kan cewa dutse ne daga sararin samaniya ya tarwatse a iska kafin ya iso ƙasa, shi ya sa babu ramin da ya bari. Kuma sai a 1927 wani masani, Leonid Kulik, ya isa wurin da tawagar bincike. Shekara 19 ba wanda ya je ya auna, ga shi babu rami: marubuci ba ya neman gurbin da ya fi wannan. Sai suka ce wani sansanin Templars, abokan gabar Assassins, ne ke wurin, ana gwaji da wata sanda mai ƙarfin al'ajabi da ake kira Sandar Adnin, Nikola Tesla ya aiko da wutar lantarki daga Amurka ta tarwatsa shi, Orelov kaɗai ya fito da rai. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ƙaryar da ta san inda za ta zauna. Fitowa ta uku kuma 1917 ce, juyin juya hali na ci, Orelov ya manyanta, ya gaji, har ta kai shi ga tone kabarin Rasputin, mutumin nan mai faɗa a ji a fadar sarkin Rasha na ƙarshe, don neman ɓarɓashin sandar, kuma babban burinsa ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar.

Rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin, wanda a wurina ya fi, na Daniel Cross ne, tattaɓa-kunnen Orelov, a Amurka a 1998. Mashayi ne, tsohon ɗan kurkuku, yana gane-gane da jiye-jiye, likita na ɗura masa magani. Abin da yake gani rayuwar kakansa ce. A gem, duk lokacin da za a kai ka tarihi sai an kwantar da Desmond, jarumin ɓangaren zamani, a kan na'ura, allo ya yi fari, ka jira. Stewart da Kerschl sun jefar da na'urar. Zanen ne ke zamewa daga titin Amurka zuwa ƙanƙarar Rasha ba sallama, kai mai karatu sai ka tsinci kanka a wani ƙarni ba ka san lokacin da ka ƙetare ba, daidai yadda shi Daniel ke ji. Takarda kaɗai ke iya wannan cikin sauƙi, domin akwatuna biyu na zamani daban suna iya zama kafaɗa da kafaɗa a shafi ɗaya, idonka na ganinsu tare.

Tunda ka buga Assassin's Creed III, ba asiri zan tona maka ba in na ce Daniel ba mutumin kirki ya zama ba. Littafin ne ya nuna yadda aka yi: tun yana yaro kamfanin Abstergo na Templars ya kama shi, ya dasa masa umarni a ƙwaƙwalwa, ya sake shi. Assassins suka tsince shi, suka yarda da shi, suka ɗaukaka shi har ya isa gaban shugabansu a Dubai a shekarar 2000, a nan ya kashe shi, ya kuma ba da sirrin maɓoyansu aka bi su aka karkashe. Duk lokacin da ka ji a gem ana cewa Assassins na zamani sun zama 'yan tsiraru masu ɓuya, wannan ne musabbabin, kuma a takarda aka fara nuna shi.

Cigaban labarin shi ne The Chain na 2012. Orelov yana Amurka, an raba shi da matarsa da 'yarsa a samamen da hukumomi suka yi ta kai wa baƙi da ake zargi da ra'ayin gurguzu wajen 1919, ya rage daga shi sai ƙaramin ɗansa Innokenti a wata bukka cikin daji. Yadda yake horar da yaron abin tausayi ne da ban tsoro, kuma waɗanda ke farautarsa tsoffin 'yan'uwansa ne na ƙungiya. Ba zan faɗa maka ƙarshensa ba. An haɗa littattafan biyu a kundi ɗaya mai suna Subject 4, in ka same shi ka huta.

Daga nan ruwan ya fara gudu ta ɗaya ɓarin, wato daga takarda zuwa gem. Daniel Cross ya shiga Assassin's Creed III a 2012. Orelov ya zama wanda ake bugawa a Chronicles: Russia a 2016. Haka ma Arbaaz Mir, mutumin Kashmir da aka ƙirƙira a Brahman na 2013, wanda Brenden Fletcher ya rubuta tare da waɗancan biyun: ya samu nasa gem ɗin, Chronicles: India, kuma shi ne mahaifin Henry Green da ka haɗu da shi a Landan cikin Syndicate. Brahman yana birnin Amritsar ne a 1839, shekarar da Maharaja Ranjit Singh na daular Sikh ya rasu, kuma labarin na zagaye lu'ulu'un nan Koh-i-Noor, wanda Turawan Ingila suka karɓe daga hannun ƙaramin ɗansa a 1849, har yau yana Landan. Zanensa ya fi labarinsa, amma ya cancanci zama ɗaya.

Akwai jerin da ya girmi duk waɗannan, na Faransa, wanda Éric Corbeyran ya rubuta, Djillali Defali ya zana, kundi shida daga 2009 zuwa 2014, daga Les Deux Royaumes, gidan ɗab'in Ubisoft. Salon Faransawa daban ne da na Amurkawa: babban littafi mai bango mai tauri, shafi wajen 48, sau ɗaya a shekara, mai zane na da lokacin ƙawata kowane gini. Kundin farko ya yi ƙoƙarin sake ba da labarin Desmond, kuma nan ne ya yi tuntuɓe, don ya saɓa wa gem a wurare da dama, har masu bin labarin ba sa lissafa ɓangarensa na zamani cikin sahihin layi. Da ya koma kan Aquilus, ɗaya daga kakannin Desmond, a birnin Liyon zamanin Rumawa, sannan Masar ta ƙarni na 14 zamanin Mamluk, sai ya ɗan farfaɗo. Ni na taɓa yin odarsa wurin wani mai sayar da littattafai, na jira makonni, da na buɗe kwali na tarar da Faransanci, ni kuwa ban wuce gaisuwa ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi mu sa'a a nan, za su karanta shi a harshen da aka rubuta shi. Akwai fassarar Ingilishi daga Titan, ka dai tabbatar kafin ka biya.

Shi wannan Titan ɗin, kamfanin Ingila, shi ya karɓi ragamar daga 2015 da fitowar wata-wata irin ta Amurka. Anthony Del Col da Conor McCreery suka rubuta, Neil Edwards ya zana, suka kawo Charlotte de la Cruz, ma'aikaciyar banki da Assassins suka jawo cikinsu. Kakanta na farko ya kai mu Salem a 1692, garin da aka rataye mutum 19 bisa zargin maita, aka danne wani dattijo, Giles Corey, da duwatsu har ya mutu. Na biyu ya kai mu Peru a 1536, lokacin da Inka ke yaƙin ƙwatar kansu daga Sifaniyawa, ta idon wata yarinya mai gudun kai saƙo. Wuraren sun yi, amma labarin na da saurin da ba ya barin mutum ya zauna da kowa. Wanda ya fi burge ni a wannan zubin shi ne Templars na Fred Van Lente da Dennis Calero, na 2016. Ya ɗauki ɓangaren da ka saba kashewa ya ba su baki. Jaruminsa, Black Cross, mai binciken cikin gida ne na Templars, aikinsa farautar gurɓatattun 'yan ƙungiyarsu, kuma an ajiye shi a Shanghai a 1927, shekarar da Chiang Kai-shek ya haɗa kai da 'yan dabar birnin aka yi wa 'yan gurguzu kisan gilla. Zanen Calero duhu ne da inuwa, fuskoki rabi a ɓoye. Gem ba zai iya ba ka awa talatin kana aikin ɗan sandan ciki na miyagu ba, littafi kuwa ya yi shi a fitowa biyar.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi, kuma ina jin kai ma ka taɓa tambayar kanka. Ina Juno ta shiga? A ƙarshen Assassin's Creed III Desmond ya ba da ransa, ya ceci duniya, amma ya saki Juno, ɗaya daga cikin halittun da labarin ya ce sun gabaci ɗan Adam. An nuna mana ita a Black Flag, an sake nuna ta a Syndicate a 2015 ana shirin gina mata jiki. Shekaru ana ɗaga mana ita a matsayin babbar masifar da ke tafe. Sai Origins ya fito a 2017 da sabuwar jaruma ta zamani, Layla Hassan, ba a ƙara bi ta kan Juno ba. To a littafin zane aka kashe ta. Uprising, fitowa 12 daga 2017 zuwa 2018, na Alex Paknadel da Dan Watters, zanen José Holder. A can ne Assassins suka haɗa kai da Otso Berg na Templars, a can ne Elijah ɗan Desmond ya taka rawarsa, a can ne Charlotte ta gama da Juno. Littafin kansa ba shi da laifi, ɓangarensa na yaƙin basasar Sifaniya a Basalona ma yana da kyau. Laifin na shawarar ne. Miliyoyin mutane aka yi wa alkawari a gem, aka je aka cika shi a ɗakin da 'yan kaɗan ke shiga. Littafin zane ya fi ƙarfi in an bar shi ya buɗe sabuwar ƙofa, kamar yadda The Fall ya yi. In aka mayar da shi wurin zubar da ragowar labarin da gem ya gaji da shi, an cuci mai bugawa, an kuma cuci mai karatun da bai buga ba, don shi ba zai gane wace ce wannan matar da ake ta hayaniya a kanta ba.

Su kuma waɗanda za a kira kwafi na gaskiya, a Japan suke. Awakening na Takashi Yano da Kenji Oiwa ya sake ba da labarin Edward Kenway na Black Flag, ya canza ɓangaren zamani gaba ɗaya, kuma ya tsaya a kundi biyu. Blade of Shao Jun na Minoji Kurata ya bi labarin Chronicles: China, ƙasar Sin a 1526. Wannan na biyun ya fi tsayawa da ƙafarsa, kuma dalilin a fili yake: gem ɗin da aka ɗauko shi ƙarami ne, labarinsa siriri, mai zane ya samu filin cikewa. Baƙi da fari ne, kuma daga dama ake karanta su zuwa hagu, abin da ke rikita Bature amma ba zai dame ka ba in ka yi karatun allo. Daga ƙasar Sin kuma akwai Dynasty na Xu Xianzhe da Zhang Xiao, wanda ba kwafin kowane gem ba ne. Yana zamanin daular Tang, lokacin tawayen An Lushan da ya ɓarke a 755, kuma a ganina shi ne wanda ya fi kowanne ɗaukar tarihinsa da muhimmanci. Marubucin ɗan ƙasar ne yana ba da labarin da ya tashi da shi, kuma ana ji. Na Valhalla da Dark Horse ya fitar a 2020, Song of Glory, fitowa uku ne na share fage kafin gem. In ka tsallake shi ba ka yi asarar komai ba.

Batun dogaro da tarihinsu kuwa, ka raba shi hawa uku. Hawan farko shi ne ranaku da wurare da manyan abubuwan da suka faru. A nan yawanci suna daidai, don kamfanin na alfahari da hakan. Hawa na biyu halayen mutanen gaske ne, nan kuma lanƙwasa su ake yi yadda labari ke so. Alexander na III mai mulkin kama-karya ne da gaske, amma ba ɗan wata ƙungiyar asiri ba ne, Tesla kuma bai harba komai Siberiya ba. Hawa na uku shi ne dalilin faruwar abubuwa, wanda kusan duka ƙirƙira ne. Matsalar ita ce hawa ukun da alƙalami ɗaya aka zana su, da kala ɗaya, babu alamar da ke nuna maka inda gaskiya ta ƙare. Gem aƙalla yana da rumbun bayanai da za ka buɗe ka karanta tarihin gini ko mutum. Littafin zane sau da yawa ba shi da wannan.

Ka riƙe wannan ma'aunin, zai sauƙaƙa maka. Assassins na gaske su ne Isma'iliyawan Nizari, waɗanda Hasan Sabbah ya kafa wa cibiya a sansanin Alamut da ke Iran a 1090, reshensu na Sham kuma ya yi ƙarfi a Masyaf ƙarƙashin Rashiduddin Sinan. Mongol suka karɓe Alamut a 1256, ƙarfinsu na siyasa ya karye a wannan ƙarnin. Templars kuma ƙungiyar mayaƙan Kirista ce ta zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya, Sarkin Faransa ya kame su a 1307, Fafaroma ya rushe ƙungiyar a 1312, aka ƙone shugabansu na ƙarshe Jacques de Molay a Faris a 1314. Saboda haka duk wani Assassin ko Templar da ka gani a Rasha ta 1888, ko Shanghai ta 1927, ko Rum zamanin Kaisar, daga kan marubuci ya fito. Amfanin littattafan a wurina shi ne suna jefa maka suna. Ni ban san Borki ba sai da na karanta The Fall, daga nan na je na nemi ainihin labarin.

Akwai kuma abin da ya kamata in faɗa maka kai tsaye, ko da yake ka riga ka ci karo da shi a gem. Ginshiƙin tatsuniyar jerin nan shi ne wai wasu halittu da suka gabace mu ne suka ƙera ɗan Adam, kuma wai mu'ujizozin da aka sani aikin wasu na'urorinsu ne. Wannan ya ci karo da aƙidar Musulmi da ta Kirista baki ɗaya. A gem yana zuwa jefi-jefi tsakanin awanni na tsalle-tsalle a kan rufin gidaje. A wasu littattafan, musamman Uprising, shi ne tsakiyar labarin. Babba mai hankalinsa ya san almara yake karantawa, amma ba littattafan da za ka miƙa wa ƙanenka ɗan firamare ba ne don ka ga zane a bango, ga kuma jini da yawa a ciki.

In za ka bi shawarata, ka karanta The Fall da The Chain a jere, dare biyu sun ishe ka. Sannan Brahman, sannan kundin farko na Templars, sannan Dynasty in kana son doguwar tafiya. Uprising kada ka taɓa shi sai ka gama jerin Charlotte da na Templars, in ba haka ba sunaye za su yi maka yawa. In a waya za ka karanta, ka riƙa duba shafin gaba ɗaya kafin ka zuƙo akwati ɗaya-ɗaya, domin a The Fall yadda aka jera akwatunan ma labari ne.

Da ka gama The Chain kuma, ka koma Assassin's Creed III, wurin da Desmond ya kutsa ginin Abstergo a Rum. Daniel Cross ya ritsa shi da bindiga, saura ya harba, sai ya dafe kai ya fara sambatu da Rashanci ya ruga a guje. Lokacin da ka fara bugawa wataƙila ka ɗauka haukarsa ce kawai ta motsa. Nikolai Orelov ne ke magana ta bakinsa.